Tambayoyin da suka gano ciwona bayan rasuwar maigidana

A cikin garin Kano aka haife ni, a wani gidan gado da ke kusa da marinar Ƙofar Mata, gida mai sassa da yawa wanda ba ka rasa wanda za ka yi wa magana ko da tsakar dare. Ina gama sakandare aka yi mini aure, na tare a gidan haya a Kurna, ciki da falo. Maigidana ɗan acaɓa ne a lokacin. Da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, sai ya karɓi A Daidaita Sahu a hannun wani mai hali, bisa sharaɗin zai riƙa kai balas kullum har kuɗin ya cika ta zama tasa. Allah ya ba mu 'ya'ya uku, na tsakiyar yana da sikila. Ba mu tara komai ba, amma tukunya ba ta taɓa kwana ba a ɗora ta ba.

Saura kaɗan ya gama biya, mota ta buge shi a titin Zariya. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Wata huɗu da kwana goman takaba ban san ina ɗauke da ciwo ba, domin gidan a cike yake. Umma tana nan, ƙannena suna kwana, maƙwabta suna aiko da kwano. Ana fita takaba kowa ya koma harkar gabansa, kuma ban ga laifin kowa ba. Daga nan ne dare ya fara yi mini tsawo. Ƙarfe biyu ko uku zan farka, bacci ba zai dawo ba har a kira assalatu. Tsakiyar kaina zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu yana yawo a jikina daga ƙafa zuwa ƙeya, gabana yana faɗuwa ba dalili. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano, har zanin da nake ɗaurawa ya koma sai na ƙara zagaye. In ɗora girki in manta da shi sai na ji ƙauri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran: su zo jikina in ji ba na son ko motsinsu, sannan in kwana ina tuhumar kaina wace irin uwa ce ni.

Mai kemis ya ce maleriya da taifot, aka yi allurai. Ya sake cewa olsa. Umma ta karɓo mini rubutu, aka yi mini ruƙiyya, kuma gaskiya na kan samu natsuwa in ana karatun, sai dai dare yana yi abin ya dawo. Da na dame shi da maganar bacci, mai kemis ya ba ni wata 'yar ƙwaya, baliyam. Ɗaya ta yi mini aiki da farko, aka jima sai biyu. Wata maƙwabciya da ta ga halin da nake ciki ta ba ni maganin tari mai kodin, ta ce yana kwantar da tunani. A lokacin ana samunsa a sauƙaƙe, don sai a 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi. Ba wanda na gaya wa. An yi mana tarbiyya a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa ina ganin in na buɗe baki za a ce na kasa karɓar ƙaddara.

Ciwon yarona ne ya kai ni inda aka gano nawa. Sikilarsa ta tashi cikin sanyi, aka kwantar da mu a wani babban asibitin gwamnati, aka ƙara masa jini. Ranar sallama ba ni da kuɗin da ya rage, sai wata nas ta ce in je ofishin walwalar marasa lafiya. Na je ne don a rage mini kuɗi, ba don komai ba. Ƙanwar maigidana ce ta raka ni.

Jami'ar da ke ofishin dattijuwa ce. Ta gama rubuta maganar kuɗin cikin 'yan mintuna, sannan ta ɗago ta dube ni sosai, ta juya wajen ƙanwar mijina ta ce, "Hajiya, ki ɗan ba mu wuri. Ƙa'idar aikin ce, kowa haka muke yi masa." Ta tura ƙofa, ta baro bayan teburinta ta zauna a kujerar da ke gefena. Ta ce, "'Yata, ina so in yi miki tambayoyi a kan lafiyarki da gidanki da abin hannunki. Zai kai minti arba'in ko awa ɗaya. Abin da kika faɗa ba zai fita ba sai wajen likitan da zai duba ki, kuma da saninki. Abu ɗaya ne ba zan iya rufewa ba: in na ga ranki ko na yaranki yana cikin haɗari. Wadda ba ki son amsawa ki ce in wuce." Na ce, "To, Mama."

Yanzu da ni ma nake wannan aikin, na san abin da ta yi shi ake kira tantance halin rai da zamantakewa, kuma waɗancan jimloli na farko rabin aikin ne. Wanda ba a gaya masa iyakar sirri tun farko ba, in daga baya aka kira danginsa zai ga an ci amanarsa, ba zai ƙara dawowa ba.

Ba ta fara da zuciya ba, da jiki ta fara, domin nan ne mu Hausawa muke iya magana ba kunya. Yaushe zafin kan ya soma, kafin rasuwar ko bayanta? Ƙarfe nawa nake kwanciya, ƙarfe nawa nake farkawa? Jiya me na ci tun daga safe? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi "kina cin abinci?" amfani nesa ba kusa ba, don kowa zai ce yana ci. Da na lissafa sai ga shi koko ne kawai da ragowar taliyar yara. Daga nan ta gangara a hankali. Akwai wasu tambayoyi tara na gano alamun ciwon damuwa da ake amfani da su a asibitoci a ƙasashe da dama, ana kiran takardar PHQ-9. Suna duba sati biyun da suka wuce: rashin sha'awar abin da aka saba so, baƙin ciki, bacci, gajiya, cin abinci, ganin kai ba a bakin komai ba, kasa tattara hankali, nauyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, sai tunanin gara mutuwa. Kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, gwargwadon ko abin bai faru ba, ko wasu kwanaki, ko fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum. Jimla 27 ke nan. Daga 10 zuwa sama ana so likita ya duba mutum, daga 20 kuwa abin ya yi tsanani. Takardar ba ta yanke hukuncin ciwo, nuni kawai take yi. Ita ba ta karanto mini su a jere ba, cikin hira ta saƙa su, sai daga baya ta cike.

Da ta zo kan tambaya ta tara ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Mutane da yawa da suka shiga irin halinki sukan ji gara a ce ba sa duniya. Ke kin taɓa jin haka?" Na daɗe ban amsa ba, ita ma ba ta cike shirun da wata magana ba. Na ce ina roƙon Allah ya ɗauke ni in huta. Ba ta zabura ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta tambaya ko abin ya tsaya a fata ne ko na taɓa tunanin yi wa kaina wani abu, ko na taɓa gwadawa, da kuma me yake riƙe ni. Na ce tsoron Allah da yaron nan mai sikila, don ba wanda ya san ciwonsa kamar ni. Ta rubuta wannan amsar, ta ja layi a ƙarƙashinta. Mutane suna tsoron wannan tambaya, suna ganin ita za ta sa wa mutum tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne, kuma ni shaida ce: ranar ce na fara jin nauyin ya ragu. Ƙa'ida ita ce ko da jimlar maki ta yi ƙasa, matuƙar amsar ta tara ba sifili ba ce, ba a barin mutum ya tafi sai an bi ta har ƙarshe.

Maganar ƙwaya ma da dabara ta zo mata. Ba ta ce "kina shaye-shaye?" ba, da ta faɗi haka da na rantse na tashi. Cewa ta yi, "In bacci ya ƙi, me kike sha ya taimaka miki?" Sai guda nawa, tun yaushe, in ban sha ba me nake ji, a ina nake ajiyewa, yara suna iya kaiwa wurin? Na faɗa mata duka, har kwalbar da ke bayan buhun gawayi.

Sai ta jawo farar takarda ta fara zanen da ban taɓa gani ba. Namiji ɗan akwati mai kusurwa huɗu, mace da'ira, wanda ya rasu a gicciye shi. Ta sa ni a tsakiya, marigayi a gefena, yara a ƙasa, iyayenmu da 'yan'uwanmu a sama, zuriya uku. Tsakanina da wanda muke ɗasawa ta ja layi mai kauri, wanda muke da saɓani ta ja mai karkace-karkace. Zanen nan ya fito da abubuwa uku da ni kaina ban haɗa su ba. Gwaggona ta taɓa yin irin wannan ciwon bayan haihuwa, har aka ce iska ce. Ina da wa a Legas da muke shiri sosai, amma ban gaya masa komai ba don kada in ɗora masa nauyi. Sannan layin da ke tsakanina da yayan maigidana ya fi kowane karkacewa, saboda tun ranar sadakar bakwai ya tafi da A Daidaita Sahun, ya ce zai ci gaba da biya, daga nan ban ƙara jin bayani ba.

A nan ta daɗe. Nawa ke shigowa a sati, daga ina? Kitso nake yi, shi ma na daina saboda hannuna rawa yake. Yaushe kuɗin haya zai ƙare? Nawa mai shago yake bi na? Ina cikin adashi? Maganin yaron na kullum, folik asid da na rigakafin maleriya, wa yake saya? An raba gado? Na ce ai ba abin rabawa. Ta ce kuɗin da marigayi ya riga ya biya a kan mashin ɗin dukiyarsa ce, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, marayu kuma suna da nasu kason. "Akwai rubutu?" Akwai. Wani ɗan littafi ne irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi baƙi da man inji, kowane layi kwanan wata da adadin balas da sa hannun yaron mai mashin. Yana cikin aljihun rigarsa da na kasa wankewa. Ban taɓa kawowa a raina cewa littafin nan yana da alaƙa da rashin baccina ba, alhali kullum in na farka lissafin haya nake yi.

Abu na ƙarshe da ta tambaya shi ne abin da na iya, da wanda nake jin daɗin zama da shi, da ko har yanzu ina zuwa Islamiyya. Ba ta raina rubutu da ruƙiyyar da aka yi mini ba, cewa ta yi in ci gaba da addu'a, a haɗa da na asibiti. Da ta kushe su, da Umma ba za ta taɓa yarda da ita ba, kuma Umma ce za ta riƙe mini magani.

Duk wannan ya ƙare a shafi ɗaya: matsala, abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar da za a duba ko an yi. Ta karanta mini, ta tambaya wanne nake so a fara. Na ce haya. Ita ta fi son a fara da likita, sai muka yi duka biyun a sati ɗaya. Likitan ya sa aka auna jinina da suga da hawan jini da sinadarin maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo sukan zo da kasala da faɗuwar gaba irin na ciwon damuwa. Ya tambaya ko na taɓa yin kwanaki ba bacci kuma ba gajiya, ina surutu da kashe kuɗi barkatai, saboda mai irin wannan in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkice masa. Ya gargaɗe ni cewa maganin ba ya nuna aiki sai bayan sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kuma ko na ji sauƙi zan ci gaba da sha aƙalla wata shida. A nan mutane da yawa suke faɗuwa: su sha kwana biyar su ce ba ya aiki, ko su ji daɗi a wata na biyu su ajiye, ciwon ya dawo. Baliyam kuwa ya ce kada in kuskura in yanke shi rana ɗaya, don yana iya jawo jijjiga, a hankali ya riƙa rage mini. Barin kodin ya zo da zawo da hamma da ciwon gaɓoɓi da yoyon hanci, amma an riga an gaya mini haka zai faru kuma zai wuce, shi ya sa ban koma ba.

Wana ya zo daga Legas. Aka zauna a zauren mai unguwa da limamin masallacinmu, aka buɗe littafin nan. Yayan maigidana bai musa ba, ya ce shi ma abubuwa ne suka cushe masa. Aka sayar da mashin ɗin, mai shi ya cire ragowar kuɗinsa, aka raba saura yadda shari'a ta ce. Shawarar da ta fi yi mini wuya ita ce barin ɗakin Kurna in koma gidanmu da yara uku. Ina ganin kamar in na fita daga ɗakin na binne shi karo na biyu, ga kuma tunanin abin da matan gida za su ce. Na yi kuka sosai ranar da aka kwance gadon. Amma a gidanmu ne na fara yin baccin awa biyar a jere, don na san in ciwon yaron ya tashi da dare akwai wanda zai riƙe mini sauran.

Da na samu kaina na koma makaranta na karanci aikin walwalar jama'a. A aji ne na ji sunan George Engel, wani likita ɗan Amurka da ya rubuta a 1977 cewa ba a fahimtar ciwo sai an duba jiki da tunani da zaman mutum cikin jama'a gaba ɗaya. Yau ina aiki a wani ƙaramin asibiti a nan Kano, kuma kusan kullum ina ganin inda aikin yake lalacewa.

Mafi yawa daga wurin zama ne. Ofis ɗaya, ma'aikata uku, ƙofa a buɗe, miji ko suruka a tsaye. Mace ba za ta ce ana dukanta ba alhali mai dukan yana jin ta, kuma in aka matsa mata a gabansa ita za ta kwana a ciki. In ba ɗaki, gara a zagaya bayan gini a tsaya a inuwa. Haka lambar waya: sau da yawa wayar ta maigida ce, don haka sai an tambaya wa yake ɗauka, ƙarfe nawa ya dace a kira, kuma me za a ce in wani ya ɗauka. In mara lafiya Bafulatana ce ko Babarbariya da Hausarta ba ta nuna ba, kada a sa ɗanta ya yi tafinta, ba uwar da za ta faɗi sirrin aurenta ta bakin ɗanta.

Sai gaggawar ba da haƙuri. Mutum ya fara buɗe cikinsa, hawaye ya zo, ma'aikaci ya ce "yi haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar." Magana ce mai kyau, amma in ta zo da wuri rufe bakin mutum take yi, ya ɗauka an ce ya isa haka. Ni na kan bari sai an gama, sannan mu yi addu'a tare. Akwai kuma alkawarin da ba a da ikon cikawa. In ka ce za a biya wa mutum kuɗin makaranta ba ka tabbatar ba, ka rasa shi. Abin da ya dace shi ne a ce za a rubuta takarda zuwa Hukumar Zakka da Hubusi ko wata ƙungiya, ana iya samu ana iya rasawa. Rubutu ma yana cutarwa. "Ba ta kula da 'ya'yanta" hukunci ne, zai bi ta a fayil shekara da shekaru. "Ta ce sau biyu a satin nan ta kasa tashi ta yi musu girki" shi ne abin da aka ji, kuma shi likita zai iya aiki da shi. Maza kuwa sun fi wuyar sha'ani. Magidanci ba zai ce yana baƙin ciki ba, zai ce kasuwa ce ta tsaya, ko jikinsa ba ƙarfi, ko ya fara faɗa a gida. Da shi ta sana'a ake shiga, a bi ta bacci, kafin a iso ga tiramadol ɗin da yake sha don ya iya fita.

Tsoron hukuma ma yana rufe baki. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, shi ya sa iyalai suke ɓoyewa su ce kuskure ne. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na sirri da na a nemi yardarsa. Ina gaya wa iyalai wannan don su san asibiti wurin magani ne.

Tantancewa ba a yin ta sau ɗaya a rufe fayil. Bayan sati biyu zuwa huɗu ana sake zama, a maimaita tambayoyin tara, a ga ko makin ya sauka, a duba shafin nan a ga wa ya cika nasa wa bai cika ba. Ni har yanzu in sanyi ya shigo ciwon yarona ya tashi, baccina yakan lalace, kuma in ya kai sati biyu a haka ina komawa wajen likitana ba na jira. Wanda yake Kano ya ga alamun nan a jikinsa ko a wani nasa, manyan asibitoci irin na Murtala da na Malam Aminu Kano suna da ofishin walwala, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. A tafi da duk magungunan da ake sha a leda, har na kemis da na gargajiya, da katin asibiti na baya. In kuwa mutum ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko mai jego ta rikice a kwanakin farko bayan haihuwa, wannan ba ya jiran ranar asibiti. A kai shi sashen gaggawa a ranar, a kwashe magunguna daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai.